Ƙwansunan Inabin Mama

Pantami, Talata

Anti Safiyyatu,

Assalamu alaikum. Ya aikin asibiti? Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma ba zan iya faɗarsa ina kallonki ba.

Kin san tun da muka baro Bama Mama ke fama da hawan jini da kumburin ƙafa. Yaya Laminu ya sayo mata maganin garin ƙwallon inabi, irin mai ƙwanso. Ni kuwa a littattafan da kike ara min duk wata kyakkyawa inabi take ci, fatarta tana sheƙi. Sai na riƙa buɗe ƙwansunan ina juye garin cikin man kaɗanyata, ina mayar da su kwalba babu komai a ciki.

Jiya na gano ta daina shan ƙwayar asibiti, wai fitsarin da take sa ta yana karya mata alwala, na ɗanta ya ishe ta. Anti, sati biyu ke nan iska take haɗiya.

Ƙanwarki,
Batul

Nasarawo, Laraba

Batul,

Wa alaikumus salam. To, gimbiya, fatar ta yi sheƙin?

Garin inabin yana iya ɗan rage kumburin ƙafa, wasu kan ga jininsu ya ɗan sauka, amma ko a cike yake ba ya maye gurbin ƙwayar asibiti. Ta koma shan tata tun da sassafe, kafin azahar fitsarin ya lafa. Sannan a kawo min ita in gwada ta. Na san tun tashin bam na tasha ba ta fita, kuma ba ta jin maganar kowa sai Laminu. Shi za ki faɗa wa, har da aikinki. Ba zan faɗa masa a madadinki ba.

A gaishe ta.
Safiyyatu

Pantami, Alhamis

Anti,

Barka da yau. Fatar ba ta yi komai ba, ƙuraje biyu ma na samu.

Na rubuta wa Yaya komai, na yaga sau uku. Da na so in ajiye masa a kujerar kekensa in gudu, sai na ji Mama tana cewa kanta na sarawa. Yanzu ga shi can zaure yana cin abinci. Zan jira ya wanke hannu, in miƙa masa da kaina, in tsaya har ya gama karantawa.

Ki sa ni a addu'a.
Batul