Rahila ta zo da farar kwala

Zuwa ga ƙanena Rabaran Yakubu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina aikin Ubangiji? Ya Saratu da yara, ya ƙafar nan taka? Mu nan Tsafe sai godiya.

Ban manta ba, Yakubu. Ranar da ɗiyata Rahila ta ce za ta karatun tauhidi, kai ka ce mata a gabana mace ba ta hawa bagadi. Har yau maganar na ci mini rai.

To, Anglikan na Kenya, ƙasar mijinta, sun naɗa ta firist. Watan jiya ta zo gida da farar kwala a wuya. Ran Lahadi cocinmu suka zaunar da ita bencin Zumuntar Mata, ta zauna abinta. Ni na yi ta huci.

Washegari ta ji Baba Audu na Bilbis, wanda ya koya mana waƙoƙin sujada, yana kwance, kuma babu faston da ke bin hanyar saboda 'yan bindiga. Ta hau babur ta tafi. Ta yi mai addu'a, ta riƙe hannunsa har ya cika. Ranar biso matarsa ta durƙusa ta ce mata, "Rabaran, mun gode." Wallahi hulata ta yi mini kaɗan!

Ku sa mu a addu'a, ka gaida surukanka. Amma ni ban yi boko ba, kai ka yi. In wadda ta je Bilbis ba ta isa bagadi ba, wa ya isa? Ka ba ni amsa tun ina da rai.

Yayanka,
Ishaya