Wa Ya Taɓa Fentin Baba

Unguwar Kanawa, Kaduna
3 ga Mayu, 1976

Yaya Ɗahiru,

Bayan gaisuwa da fatan karatu yana tafiya lafiya, ina cikin damuwa. Ofishin su Baba sun sa shi haɗa ƙaramin samfurin sabon asibiti da kwali da katako, ranar ashirin ga wata manya za su zo gani. Idon Baba ya yi rauni, amma ko Inna ba ta isa ta faɗa ba. Fentin akirilik ɗin nan, da kauri yake dama shi kamar kunu, 'yar bindigar feshin ta toshe ta yi ta tofi, shi kuwa ya hau zagin waɗanda suka ƙera ta. In aikin ya ɓaci za a gane, a sallame shi. Shi ya sa da ya fita masallaci nake ɗiga ruwa a kwalaben fentin, in tace da tsohon ɗankwalina, har ya koma kamar madara. Don Allah kada kowa ya ji.

Ƙanwarka,
Husaina

Samaru, Zariya
9 ga Mayu

Husaina,

Ina gaida ku duka. Ke dai ba ki da tsoro. Kin manta marin da na sha don na ɗaga kwalba ɗaya? Wani mai fentin mota ya ce tina, wato man tsinka fenti, ake zubawa, ba ruwa ba. Amma shawarata, ki cire hannunki ko ki gaya masa gaskiya.

Yayanki,
Ɗahiru

Kaduna
14 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Na gwada tinarka a murfi, fentin ya dunƙule kamar cuku, ka ce wa mutumin ya tsaya kan fentin motarsa.

Jiya ina cikin ɗigawa na ji tarin Baba a zaure, na yi gaggawa, ruwan ya zarce. Baba ya cika kofin bindigar ya fesa koren rufi, fentin ya gangaro kan farin bango. Ya shafa da yatsa, sannan ya ce, "Wa ya shigo ɗakin nan?" Na ce ba kowa. Har yanzu bai amsa gaisuwata ba. Saura kwana shida, tsoro nake ji.

Taka,
Husaina

Kaduna
21 ga Mayu

Ɗahiru,

Ina fatan kana lafiya. Ni nake faɗa, Husaina take rubutawa.

Tun ranar farko na sani. Shekara goma sha biyar ina jin kukan bindigar nan, na san ranar da ya sauya. Kunya ce ta sa na yi shiru, ƙaryar kuma ta ɓata mini rai. Mun kankare rufin da bangon, ita ta dama, ni na fesa. Manya sun yaba. Bayan sun tafi na gaya wa shugabanmu halin idona da bakina, ya ce in dawo Litinin in ji abin da suka yanke.

Zan tsaya nan, mai rubutun tana jiƙa mini takarda. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Lawan