Fedar da Auta Ta Haɗa wa Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, kuma ciwon bayan nan ya yi sauƙi. Mu nan sai godiyar Allah.

Auta ta zo hutu ta koma. Kin san tun da hannun Baba ya fara karkarwa likita ya ce kada ya ƙara tayar da injin juya itacensa sai da mutum a kan makunni. Ni ce mutumin. Kullum da hantsi ina kan kujerata a jikin bango, yatsana a makunni, idona a kan kurfin da yake sassaƙa da shi. Baban da kika sani, wanda sai ya wuni bai ce uffan ba, a nan bakinsa yake buɗewa. Yana fere ƙafar tebur yana ba ni labarin Inna, Allah ya jiƙanta.

To, Auta injiniyarmu ta shiga shagon Baba ta ce wannan tsari wahala ne. Ta kwance fedar tsohon keken ɗinkin Inna, ta haɗa da wayoyi cikin wani gwangwani. In Baba ya taka, inji ya tashi, in ya ɗaga ƙafa, ya mutu nan take. Ta ƙara masa fitila mai lanƙwasa wuya, da maganaɗisun riƙe kurfi.

Washegari na ɗauko kujerata, Baba ya ce in je in huta, na sha fama. Yaya, yaushe na ce masa na gaji?

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Ta-gida

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na ga saƙonki, kin ce in gode wa Allah na samu lokacin kaina. Na gode masa. Amma daga madafa ina jin injin yana tashi yana mutuwa ba ni, sai in ji kamar ana hira a gidanmu an rufe mini ƙofa.

Duk wanda ya shigo sai an nuna masa fedar. Mai kawo itace ya taka, tela ya taka, har mai karanta mitar wuta sai da aka sa shi ya taka. Baba sai ya ce ’yarsa ce ta haɗa. Ni da na yi shekaru ina shaƙar garin katako, ban taɓa jin an nuna wa baƙo yatsana ba. Na san hassada tana cin lada kamar yadda wuta take cin itace, tun muna allo aka karantar da mu. Ina neman tsari, tana tafiya, injin yana tashi tana dawowa.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Fedar ta tsaya. Baba ya taka ya taka, shiru. Ya raba injin da fedar, ya mayar da filoginsa jikin bango kamar da, ya ƙwala mini kira. Rabon da in ji daɗin sunana haka na manta. Na koma kujerata, har ya ba ni labarin ranar da aka haife ni.

Sai dai na san ciwon fedar. Kafin Auta ta tafi ta ja ni gefe ta ce garin katako zai riƙa taruwa a ƙarƙashin fedar, in zare filogi, in buɗe murfin in hure. Baba bai tambaye ni ba, ni ma ban yi ƙarya ba. Da wannan nake lallashin kaina, amma ba ya lallasuwa.

Kada ki faɗa wa Auta.
Ta-gida

Yaya,

Ina gaisuwa. Kada hankalinki ya tashi, Baba lafiya lau, ƙwarzane ne kawai a bayan hannu.

Jiya yana rarake akushi yana ba ni labari, ni kuwa fuskarsa nake kallo, ba kurfin ba. Itacen ya cafke kurfin ya fizge. Na kashe injin, amma sai da numfashi ɗaya ya wuce. Da ƙafarsa ce a kan feda, firgitar kaɗai ta isa ta ɗaga ta. Bai yi mini faɗa ba, cewa ma ya yi itacen ne mai gardama. Gara a ce ya yi faɗan.

Da ya fita masallaci na zare filogi na buɗe murfin. Garin da na hure bai fi cikin cokali ba. Na mayar da komai, na sake haɗa fedar da injin, na fitar da kujerata da hannuna.

Ya dawo ya taka, inji ya tashi. Na gaya masa gari ne, kuma tun ranar farko na sani. Ban tabbata ya ji ƙarshen maganar ba, don ƙarar ta riga ta cika shagon. Dariya yake yi kamar yaro, yana cewa Allah ya yi wa Auta albarka.

Na ce amin da ƙarfi, har sai da ya waiwayo. Baki ne ya faɗa, Yaya. Ki taya ni roƙon Allah zuciya ta biyo shi.

Ƙanwarki, Ta-gida