Gurbin Da Ya Rage Mini A Ngadda

Zuwa ga Shugaban ofishin da ya raba wa masu lambu maganin feshi a bakin kogin Ngadda,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali? Sunana Bukar, masunci ne ni, a unguwar Jiddari Polo nake zaune. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana. Na taka har ofishinka, mai gadi ya ce kana taro. Na koma, kana taro. To ga kukana a takarda, inda kowa zai gani.

Na farko. Da rani Ngadda ba ta gudu, yankewa take gurbi-gurbi. Akwai gurbi ɗaya a ƙasan lambuna, shi kaɗai ya rage mini, don gwiwata ba ta kai ni madatsar ruwan Alau yanzu. Ranin bana kuka raba maganin tsutsar tumatir. Masu lambu suka yi feshi, suka gangaro suka ɗauraye famfunan feshinsu a gurbin, har da juye ragowar, wai gara nan da a zuba a ƙasa akuya ta lasa, wai ruwa zai tafi da shi. Ya tafi da shi ina? Ruwan a tsaye yake.

Na biyu. Washegari na je ɗibar abin da nake sa wa ƙugiya. Ƙananan jatan landen da ke gindin ciyawa sun yi fari, sun kwanta a bakin ruwa kamar an watsa ƙaiƙayi. Ƙaguwa sun fito daga rami sun kife. Ƙwarin nan masu yawo a saman ruwa babu ko ɗaya. Na ɗaga dutse, tsutsotsin da ke maƙale a ƙasansa sun saki, ba motsi. Dodon koɗi kawai na gani yana tafiyarsa. Na zauna a wurin har rana ta take, ban jefa fatsa ba.

Na uku, shi ya fi ci mini rai. Ma'aikacinka ya zo, ya leƙa daga sama, ya ce tunda kifi bai taso ba, ba a yi ɓarna ba. Gaskiya ne, kifi bai mutu ranar ba. Amma me zai ci? Tarwaɗar da nake kamawa yanzu, kai ne da ƙaya. Masu lambu kuma suka sa mini suna Baba mai makokin ƙwaro. Modu, mai lambun da muke sahu ɗaya a masallaci tun muna da baƙin gashi, shi ya fara. Tun ranar ko albasa ban saya a hannunsa ba, kuma ba zan saya ba.

Ban ce a hana su magani ba, su ma iyali gare su. Amma na ji za ku sake rabo.

Roƙona, kafin kwalba ɗaya ta fita, a sa su haƙa ramin wanki nesa da ruwa. A gaya musu da baki, da Kanuri da Hausa, don rubutun jikin kwalba ba mu karanta shi. A kuma aiko mini wanda zai naɗe wando mu shiga ruwan tare ya gani.

Idan aka sake juye wani maganin a ciki, gurbin nan ba zai farfaɗo ina raye ba. Sai in zauna a ƙofar gida ina jiran abin da 'ya'ya za su miƙo mini. Ban taɓa ci ta haka ba, ranka ya daɗe, kuma ban iya ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya zuriyarka, ya sa ka sauka daga kujerar nan ba da haƙƙin kowa ba, har da abin da ba shi da bakin kai ƙara.

Wassalam, daga dattijon da ke jiran amsa,
Bukar Masunci