Tambayar da Ban Yi wa Baba Ba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a aikinka. Mu nan alhamdu lillahi, gwiwar Inna ta yi sauƙi, Auta kuma ta fara koyarwa. Na zaɓi in rubuto ne don duk sanda na ɗauko maganar Baba a waya sai in kasa ƙarasawa.

Ka san an sallame shi daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jikin nan. Yana takawa da sanda, bakinsa ya dawo daidai, amma hannun dama har yanzu ba ya riƙe almakashi. Mutumin da ya shekara arba'in yana ɗinki, jiya na same shi a shago yana fama da zare da allura. Da ya gan ni sai ya ce mai yake sa wa keke.

Abin da ban faɗa maka ba shi ne, wata takwas ya yi ba ya shan maganin hawan jininsa yadda ya kamata, ni da nake gida ɗaya da shi ban sani ba. Kullum da safe in tambaya ya sha, ya ce ya sha. In awo ya hau in rufe shi da faɗa, har ya sa min suna Sajan, muna ta dariya.

Ranar da muka koma asibiti, likitar ta jawo kujera kusa da shi. Ta ce mutane da yawa sukan tsallake magani, kowa da dalilinsa, shi a mako sau nawa yakan samu ya sha? Na buɗe baki zan amsa, ta ɗan ɗaga min hannu. Baba ya ce sai in ranar awo ta matso. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta tambaye shi ko akwai abin da maganin yake sa shi.

Ashe, Yaya, ƙaramar ƙwayar nan fitsari take sa shi akai-akai, ga shagon ba bayan gida, sai ya tsallaka titi. Wata rana yana cikin auna wani mutum, bai kai ba. Tun daga ranar ya ajiye ta, sauran ma suka bi, tunda ko ciwon kai ba ya ji. Ya ce, "Likita, wa zan faɗa wa wannan? 'Yar cikina?"

Ta nuna masa cewa hawan jini yakan yi ɓarna mutum yana jin kansa garau. Ta canja masa magani, ƙwaya ɗaya maimakon uku, ta bar shi ya zaɓi lokacin sha da kansa, ya ce da shayin safe. Shi yake auna kansa a gida yanzu, nas kuma tana kiransa duk mako biyu. Ni ta ce in sauka daga gadi, in riƙa tambayarsa yadda maganin yake karɓarsa.

Hirar duka ba ta wuce minti goma ba. Ni na yi shekara biyu a kansa, ban taɓa tambayarsa dalili ba. Da na tambaya, wataƙila da hannun nan yana aiki. Na nemi gafararsa, ya ce shi ne mai laifi, muka rasa wanda zai lallashi wani.

Roƙona, in ka kira shi kada ka yi masa maganar magani. Ka ce kana son riga irin ɗinkinsa, ba gaggawa. Likitar ta ce hannun na iya dawowa in yana motsa shi, kuma na san don kai zai motsa.

Ka gaida Anti da yara, da Kawu in kun haɗu. Inna da Gwaggo suna gaishe ka. Kai ma ka je a auna jininka, don Allah.

Taka,
ƙanwarka.