Baffan Matata Ya Ɗora Sunan Ɗansa A Kan Zanena

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Asabar, domin zuciyata ta riga ta yanke hukunci, kuma na san hukuncin ba mai sanyi ba ne.

Ni mai zane ne, ɗan Dukawuya. A jikin gingimari na koyi riƙe buroshi, ina zana zaki da dawisu da "Allah Ya kiyaye hanya", daga baya na koma zanen tsofaffin motoci a kan kyalle, su Bosuwaja da Landiroba da Fijo. Masu sha'awar irin waɗannan motoci sun shirya baje kolinsu a wani fili wajen Ƙofar Ɗan Agundi, Asabar biyu a jere, suka ce masu zane ma su kawo aikinsu. Baffan matata yana cikinsu, yana da wata Fijo 404 fara da yake ji da ita kamar ƙwai a cokali. Shi ya riƙe matata tun tana marainiya, shi ya ba ni aurenta. Don haka na ce zan zana masa motar kyauta. Wata biyu na yi a kanta, har 'yar lotsawar da ke jikin bambar motar sai da na fitar, idona har ruwa yake yi. Da na gama ya ce in ba shi ya sa mata firem mai kyau, ni kuwa da washe baki na miƙa.

Asabar da ta wuce na shiga fili na tarar da mutane sun yi dafifi a gaban zanen, kaina ya fara girma. Da na matsa sai na ga firem ya rufe inda na sa hannu, an liƙa kati a ƙasa da sunan ɗansa Abba, wanda ya dawo daga karatu a waje bara yana zaman kashe wando. Wallahi yaron nan da'ira ma sai ya kifa kofi yake zana ta. Ga shi nan tsaye da tabarau yana yi wa baƙi bayanin yadda ya haɗa kala. Wata Hajiya mai otal ta karɓi lambarsa a gabana, wai tana son irin zanen a duk ɗakunanta.

Na ja Baffa gefe cikin ladabi na tambaye shi. Ya ce ni da Abba ai duk ɗaya ne, yaron yana neman aure ana ce masa ba shi da sana'a, kuma wane babban mutum ne zai rataya aikin mai fentin gingimari a falonsa? Ya ƙara da cewa wanda ya ba ka mata ai ya fi ƙarfin kyalle. Ban ci abinci ba ranar. Jiya kuma sai ga saƙo daga Baffa, wai in fara zanen otal ɗin, Abba zai riƙa zuwa yana sa hannu.

Ranar rufewa, wato Asabar mai zuwa, ana ba kowane mai zane lasifika ya yi magana. Abin da na shirya shi ne in kira Abba gaban jama'a, gaban Hajiyar da surukan da yake nema, in miƙa masa farar takarda da fensir, in ce gwani ya zana mana taya ɗaya tak. Sannan in cire firem kowa ya karanta sunana. So nake in ga fuskar Baffa a lokacin, ba zan ɓoye muku ba, ina tuna abin ina jin daɗi.

Na gaya wa matata. Ba ta ce ban da gaskiya ba. Kuka ta yi, ta ce ba ta da wani uba sai Baffa, in na tozarta shi ba ta da gidan da za ta kira nasu, kuma ba ta san da wane ido za ta riƙa kallona ba. Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa mu.

To 'yan uwa, in na yi shiru na zama hannun Abba har abada, in na yi magana na mayar da ita marainiya karo na biyu. Na riga na fere fensirin. In miƙa wa Abba fensirin nan, ko in zauna in yi amfani da shi in fara zanen otal?