Babbar Gangar Sammani

Ƙofar Kwaya, Katsina
17 ga Mayu, 1999

Gwaggo Bilki,

Gaisuwa mai yawa, ya aikin asibiti?

Mura da zazzaɓin makon jiya sun sake ni, amma in na rataya babbar ganga muka zaga fili sau biyu, sai ƙirjina ya ɗaure, zuciyata ta riƙa tsalle. Ni zan buga wa makarantarmu a faretin ranar da soja za su miƙa mulki. Shekara biyu ina jiran gangar nan. Ki aiko mini da magani ta hannun wani direban motar haya. Don Allah kada Baba ya ji.

Ɗanki,
Sammani

Zariya
20 ga Mayu

Yaya Lawal,

Bayan gaisuwa, ga wasiƙar Sammani na haɗo maka. Da gangan na ci amanarsa. Ƙwayar cutar mura takan sauka a naman zuciyar matashi ta kumbura shi. Na ga sa'ansa ya faɗi a filin ƙwallo bai tashi ba. Ka raba shi da gangar nan yau, ka kai shi a duba zuciyarsa. Wallahi a tsorace nake.

Ƙanwarka,
Bilkisu

Katsina
24 ga Mayu

Bilkisu,

Muna lafiya, madalla. Ku 'yan asibiti komai mutuwa ne a wurinku. Ragowar mura ce. An yi masa sirace da tazargade, kuma kowa ya san gumi ke fitar da ita, faretin ma magani ne. Ya rantse mini ya warke. Har na gayyato 'yan layinmu na Babbar Kasuwa su zo kallo.

Sai dai jiya a hanyar masallaci ya tsaya ya durƙusa, wai igiyar takalmi yake ɗaurewa. Silifa ne a ƙafarsa.

Ki gaida maigidan.
Lawal

Katsina
30 ga Mayu

Gwaggo,

Ina gaisuwa daga gadon asibiti. Ranar Laraba Baba ya shigo fili ana tsakiyar gwaji, ya cire mini gangar a gaban kowa. Likita ya ce zuciyar ta kumbura, wata shida ba gudu ba ɗaukar kaya. Baba ya tambaye shi abin da zai same ni da na yi faretin. Likita ya ce mu dai gode wa Allah.

Jiya na jiyo kiɗan faretin daga nesa. Mati, wani ɗan makarantarmu, shi ya buga babbar gangar.

Ban huce da tona mini asirin da kika yi ba tukuna, Gwaggo. Amma Baba ya kasa cin abinci, ki zo.

Sammani